Abacha Kafin Ya Hau Kujerar Mulki

A majalisun hira na ƙauyukan Dambatta da Bichi, da zarar an ambaci Janar Sani Abacha sai a ce Allah ya jiƙan maza, a tuno titunan hukumar rarar kuɗin man fetur (PTF) da magungunan da ta zuba a asibitoci. Ba kasafai ake zancen shekarun da ya yi yana Babban Hafsan Sojojin Ƙasa ba, daga 1985 zuwa 1990, alhali a nan ne ya yi ƙarfin da ya kai shi fadar mulki.

A Kano aka haife shi a 1943, ya zama hafsa a 1963. Muryarsa ce ta sanar da kifar da gwamnatin Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983. Da aka ture Buhari a Agustan 1985, sai Babangida ya danƙa masa rundunar ƙasa.

Ranar da ta fi shafar mu mutanen Kano ita ce 22 ga Afrilu, 1990. Da sassafe Manjo Gideon Orkar ya shiga rediyo a Legas, ya ce ya kifar da gwamnati, ya kuma cire Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Borno daga Nijeriya. Wato manomin da ke sharar gona yana jiran ruwan shuka ya wayi gari ba shi da ƙasa! Abacha ne ya tattaro dakaru suka murƙushe yunƙurin, kafin dare ya fito ya ce ƙura ta lafa. Dattawan da suka kasa kunne ga rediyo a ranar ba su manta masa wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai sojan da ya saba naɗa shugaba da sauke shi, wata rana kujerar zai nema wa kansa. Haka Abacha ya yi a Nuwamban 1993. A zamaninsa aka rataye Ken Saro-Wiwa, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki. Ita kanta PTF ɗin da ake yabo, da kuɗin talaka aka yi ta, bayan an ɗaga litar fetur zuwa naira 11 a 1994. Dala miliyan 321 da Suwizalan ta dawo da su a 2017 kuwa, daga asusun iyalansa aka ƙwato su, aka riƙa raba wa gidajen talakawa naira dubu biyar-biyar a wata.