Ka doki ganga sauti ya makara? Ga yadda muka shawo kan matsalar a ɗakin hostel

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin shirye-shiryen rediyo ya ba rukuninmu aikin haɗa kiɗan buɗe shiri na daƙiƙa 30, kuma maki 20 ne a kansa. Wani abokinmu yana da gangar lantarki da ya saya ta hannu, irin wadda ake dukan faifan roba da sanda, sautin ya fito ta waya. Muka ce ai aiki ya zo da sauƙi. Muka jona ta da laftof, muka buɗe FL Studio, ya ɗaga sanda ya doka. Sai da sandar ta fara komawa sama sannan muka ji "dum". Cikin minti biyar gwanin namu ya koma kamar ɗan koyo, kiɗa ya ƙi hawa kan awo, ga shi saura kwana biyu a miƙa aiki.

Wannan makarar ita ce masu situdiyo ke kira latansi, wato tazarar da ke tsakanin dukan ganga da isowar sautin kunnenka. Da milisakan ake auna ta, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ke nan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka kowace mita ɗaya tana cin kusan milisakan 3. Ko ganga ta gaske da ke gabanka tana da ɗan nata jinkirin, kunne ne ya saba. Da zarar abin ya haura milisakan 10, makaɗa da yawa sukan fara jin hannu da kunne sun raba gari.

Abu na farko da muka gano ya ba mu kunya: abokin namu hedifon na Bluetooth ya saka. Irin waɗannan sukan ƙara jinkirin da ya wuce milisakan 100, kamar a ce kana sauraron gangarka daga nisan sama da mita 30. Muka canza zuwa mai waya, rabin ciwon kan ya tafi nan take.

Na biyu shi ne direban sauti. Wanda Windows ke zuwa da shi an yi shi ne don kallon fim da sauraron waƙa, yana bi da sauti ta matakai da yawa kafin ya fito. Kamfanin Steinberg na Jamus ne ya ƙirƙiro tsarin ASIO domin manhajar kiɗa ta yi magana da na'urar sauti kai tsaye. In kana da sawunkad na waje mai shiga ta USB, ka sauke direban ASIO na kamfanin da ya ƙera shi. In ba ka da shi, akwai ASIO4ALL, kyauta ne. Masu Mac kuwa sun huta, Core Audio ya ɗauke musu wannan nauyin.

Na uku, kuma nan ne lissafin yake, shi ne girman bafa. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi cikin ɗan mazubi, in ya cika ta tura. Kamar direban bas ne a tasha da ya ce ba zai tashi ba sai mota ta cika: in kujerun suna da yawa, jiran zai yi tsawo. Raba girman bafar da yawan samfurin sauti a daƙiƙa, za ka samu jinkirin. Tamu tana kan 1,024 a bisa 44,100, wato milisakan 23. A 512 ya koma kusan 12, a 256 kusan 6, a 128 kuma bai kai 3 ba. Amma fa ƙaramar bafa tana matsa wa kwakwalwar kwamfuta, domin zirga-zirgar ta ƙaru. Da muka gwada 64 sai sauti ya fara ƙaras-ƙaras kamar ana suyar ƙosai. Muka tsaya a 128.

Muna cikin murna aka ɗauke wuta, ƙaras-ƙaras ɗin ya dawo. Ashe laftof in ta koma kan batir takan rage gudunta don adana caji. Muka shiga saitin wuta na Windows muka zaɓi mafi ƙarfin aiki, muka kashe Wi-Fi, muka rufe Chrome da shafuka goma sha da ke buɗe. Sauti ya daidaita. Haka kuma mun cire wani filogin na gyaran ƙara da ke kan babbar tasha, domin irinsu sukan riƙe sauti na ɗan lokaci su leƙa abin da ke tafe kafin su saki. Wurinsu sai an zo haɗawa, lokacin da za ka iya mayar da bafa 1,024 ba tare da wata illa ba.

In duk ka yi wannan laftof ɗinka ta ce ita fa ta gaji, akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. Ka jona hedifon a jikin akwatin gangar, ka saurari sautinta na asali, kwamfuta kuma ta ɗauki saƙon MIDI kawai. MIDI, wanda ya fito a 1983, ba sauti yake aikawa ba, bayani ne na wace ganga aka doka, yaushe, da wane ƙarfi. Daga baya sai ka ɗora masa sautin da kake so, ka kuma gyara dukan da ya kauce. Ka dai tuna ka rufe muryar gangar manhaja yayin ɗauka, in ba haka ba kowane duka sau biyu za ka ji shi.

Mun miƙa aikin ranar da aka ce. Abokin namu, da har ya fara cigiyar mai sayen gangar saboda yana zaton ta lalace, yanzu ya ce ko an ninka masa kuɗinta ba zai sayar ba.