Haukan Kare: Baƙon Kare Sai Da Allura Da Jira

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Birnin Lalle da kewaye, yau maganarmu a kan kare take. Kare yana da amfani a karkara. Shi ke tsaron gida da dare. Shi ke korar dila daga garken awaki. Shi ke raka makiyayi arewa da damina, ya rako shi kudu bayan kaka. Amma akwai wani mugun ciwo da kare ke kawowa cikin gida, wato haukan kare.

Sau da yawa baƙon kare ne ke shigo da shi. Yaro ya dawo daga kasuwa da ɗan kwikwiyo. Matafiyi ya taho da karen farauta daga Najeriya. Makiyaya sun tashi daga kwarin Tarka, sun bar kare a bayan gari. Ba wanda ya tambayi inda ya fito, ba wanda ya tambaya ko an yi masa allura.

Mene ne haukan kare?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani. Tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jiki ta wurin cizo, ko yakushi, ko in dabbar ta lashi rauni. Daga nan sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Ga mutum, tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3. Wani lokaci mako guda ne, wani lokaci har shekara. Duk tsawon wannan lokaci mutum lafiya lau yake gani. Amma ranar da ciwon ya fito fili, ya fara tsoron ruwa da firgita, to, magani ya ƙare, sai mutuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59.000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu kare ne ya cije su. Cikin mutum 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, domin yara ke wasa da karnuka, kuma sukan ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Yadda wasu ƙasashe ke tsare ƙofarsu

Akwai ƙasashen da suka raba kansu da haukan kare, kamar Ingila da Japan. Tsoronsu ɗaya ne: kada baƙon kare ya dawo musu da shi. A da, duk karen da aka kai Ingila sai an kulle shi wata 6 a wani gida na musamman kafin a miƙa ma mai shi. Masu karnuka sun yi ta kuka da tsawon kullen da tsadarsa. A shekara ta 2000 aka fara sassauta dokar ga karnukan Turai. A 2012 aka buɗe ƙofa ga karnukan sauran ƙasashe, amma da sharaɗi.

Har karnukan ƙasarmu ana kai su can. Karen Azawak, dogon karen nan na Buzaye mai gudu, tun wajen shekarun 1970 Turawa ke kiwonsa. Wanda ke son kai kare daga Nijar zuwa Faransa ko Ingila ba tare da kulle ba, ga abin da zai yi:

Na ɗaya, a sa ma karen shaida. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, mai lamba, ana cusa shi ƙarƙashin fata. Aikinsa kamar tambarin da makiyayi ke yi ma shanunsa ne, don kada a musanya kare da wani.

Na biyu, a yi masa allurar rigakafi. Sai kwikwiyo ya kai wata 3 ake yi masa ita.

Na uku, bayan kwana 30 a ɗebi jininsa, a aika wani ɗakin bincike da hukumomin can suka yarda da shi. Awon jinin shi ke nuna ko allurar ta kama. Likitoci suna da ma'auni, sai awon ya kai 0,5.

Na huɗu, a jira wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin, sannan karen ya yi tafiya.

Ku lissafa: wata 3, da wata 1, da wata 3. Kwikwiyo ba ya tafiya sai ya kai wata 7. A Japan dokar ta fi tsanani: allura biyu, awon jini, da jiran kwana 180. Karen da ya cika sharuɗɗa ba ya wuce awa 12 a tsare. Wanda bai cika ba, ana iya kulle shi har kwana 180.

Me ya sa ake jira bayan an yi allura?

Nan ne darasin yake. Allura garkuwa ce, tana tare ciwon da bai shigo ba. Idan mahaukacin kare ya riga ya ciji kwikwiyo a ɓoye, ba a dogara ga allurar da aka yi daga baya. Awon jini kuma ba ya nuna ciwon da ke kwance cikin jijiya. Lokaci ne kaɗai ke tona shi. In an jira wata 3 kare yana cin abinci yana wasa, hankali ya kwanta.

Wanda ya tsallake doka yakan jawo ma mutane wahala. A 2004 wani mutum ya shigo da kwikwiyo daga Maroko zuwa birnin Bordo na Faransa ba da sanin hukuma ba. Ashe yana ɗauke da ciwon. Sai da aka yi ta cigiyar duk wanda ya taɓa shi, aka yi ma mutane da dama allura.

Mu fa, me za mu yi?

Ba mu da ɗakin awon jini a ƙauye, amma muna da igiya, muna da ido, kuma akwai ma'aikatan kiwo a Dakoro. Kowane maigida shi ne mai tsaron ƙofar gidansa.

Kafin ku karɓi kare, ku tambayi inda ya fito, da ko an taɓa cizonsa. Kada ku bar yara su tsinto kwikwiyo a daji ko a kasuwa. Ku kai sabon kare wurin likitan dabbobi a yi masa allura, ku karɓi takarda ku adana. Ku tambayi ranar da za a sake, domin yawanci kowace shekara ake sabuntawa. Ku ɗaure shi a inuwa, da ruwa da abinci, nesa da yara da bisashe, ku sa masa ido har wata 3. Karen da aka san mahaukaci ya cije shi kuwa, kada a ɓoye shi. A sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan.

Alamun ciwon ga kare su ne: halinsa ya canza, yawu na zuba, muryarsa ta dushe, yana cizon itace da dutse, yana yawo ba ya gane gida. Wani kuma ba ya faɗa, sai ya kwanta shiru, baki a buɗe, ƙafafu su mutu. Shi ma haɗari ne.

Saniya da jaki da raƙumi da akuya duk suna kamuwa. Saniyar da ta kamu takan yi ta kuka, yawu na dalala, kamar wani abu ya maƙale mata a wuya. Kada ku sa hannu cikin bakinta. Kada a yanka ta a ci.

Idan kare ya ciji mutum

Ku wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har minti 15. Kada ku sa toka, ko barkono, ko ƙonannen gashin kare. Ku tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Allurar mutane ba ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, da ta kwana 3, da ta kwana 7, wani lokaci da ƙari. Ku cika su duka. In babu ita kusa, ku nemi likita ya faɗa muku inda za a samu, ko da Maraɗi ne. Kuɗin mota bai kai ran yaro ba.

Karen da ya yi cizo, in ana iya kama shi ba da haɗari ba, a ɗaure shi aƙalla kwana 10, likitan dabbobi ya duba shi. Amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.

Wannan allura ta daɗe tana ceton rai. A watan Yuli na 1885 wani masani Bafaranshe, Luwi Pasta, ya fara gwada ta a kan yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu. Ranar rasuwar masanin, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya. Masana sun ce in aka yi ma kare 7 cikin 10 allura a gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa.

Don haka, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta ma maƙwabcinsa. Ku yi magana da maigari, ku tara karnukan gari, ku gayyato ma'aikatan kiwo rana guda. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba ya da magani.