Tsohuwar mota, doguwar hanya: shirin da ake yi kafin a ɗaura aniya

Dattawan Agadas da Arlit ba su manta da ayarin Turawa masu yawon buɗe ido ba, waɗanda suke ƙetaro hamada lokacin ɗari, daga shekarun 1970 har ƙarshen shekarun 1980. Suna tasowa daga Faransa ko Jamus, su ratsa Aljeriya ta Tamanraset, su shigo Nijar ta Asamaka. Waɗansu na kawo Peugeot 404 da 504 su sayar, su koma gida da jirgin sama. Waɗansu kuwa suna zuwa cikin wata mota mai siffar akwati, wadda aka shirya cikinta kamar ɗaki, da gado da murhu da wurin ajiyar kaya. Ita ce Volkswagen Kombi. Har yanzu akwai irinta masu rai a ƙasashe da yawa, kuma shirin da ake yi mata kafin doguwar tafiya darasi ne ga duk mai tsohuwar mota.

Asalin motar

Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Kombi a garin Wolfsburg na ƙasar Jamus cikin shekara ta 1950. Daga 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya shiga gyara cikinta don kwana da girki. An fito da sabon samfuri a 1967, aka yi ta ƙera shi a Jamus har 1979. Ƙasar Barazil ce ta ƙarshe da ta daina ƙera Kombi, a ƙarshen 2013. Ke nan wadda aka ƙera a Jamus ta wuce shekara 40 da haihuwa.

Injinta yana baya, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu ruwa a cikinsa. Wannan ne ya sa masu ƙetara hamada suka so ta: babu tukunyar ruwa da za ta tafasa ko ta fashe, nauyin inji kuma yana danne tayoyin baya su kama ƙasa. Amma ƙarfinsa kaɗan ne, wajen doki 50, don haka ba ya jure wulaƙanci.

Inji da baƙin mai

Shiri na fari shi ne a kai mota gareji wata guda ko biyu kafin ranar tashi, domin a sami lokacin neman kayan gyara. Injin Kombi na 1600 yana ɗaukar baƙin mai lita 2 da rabi kacal. Ba shi da matatar mai irin ta motocin yanzu, sai ɗan rariya na ƙarfe a ƙarƙashinsa. Saboda haka ake yi masa juye kowane kilomita 5000, a wanke rariyar. A hanya mai ƙura ana rage wannan nisa. Tun da mai yana taimaka wa iska wajen sanyaya inji, wajibi ne direba ya duba shi kowace safiya.

Sai kuma bawul. Makaniki yana daidaita su lokacin da inji yake da sanyi, ya bar tazarar milimita 0,15. Idan tazarar ta matse, bawul ba ya rufewa sosai, sai ya yi zafi ya ƙone, wani lokaci ma kansa ya karye ya lalata injin gaba ɗaya. Daga nan a canza buji, a wanke kafireta, a share matatar iska.

Akwai bel guda ɗaya da ke juya dinamo, fankar sanyaya inji kuwa a jikin dinamon take. In bel ɗin ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma jar fitila za ta kama gaban direba. Wanda ya ga wannan fitila ya ci gaba da tafiya zai ƙone injinsa cikin ƴan mintoci. Don haka ake sa sabon bel, a riƙe wani a ajiye, tare da makullin da ake ɗaura shi.

Haɗarin gobara

Gobara ta cinye tsofaffin Kombi masu yawa, kuma dalilin a fili yake. Tankin esansi yana kusa da inji, ya ɗan fi shi tudu. Tiyon roba da ke kai esansi zuwa kafireta yana bushewa da tsufa, ya tsattsage, esansi ya riƙa ɗiga bisa ƙarfe mai zafi. Kuɗin sabon tiyo bai taka kara ya karya ba. A canza su duka, a ɗaure bakinsu da maɗauri na ƙarfe. A ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai gare ta nan take, kada a binne ta ƙarƙashin kaya.

Murhun gas na cikin mota shi ma yana son dubawa. A shafa ruwan sabulu bisa mahaɗin tiyo: in kumfa ya taso, gas na fita. Kada a taɓa kunna murhu ko a shigar da garwashi don jin ɗumi alhali tagogi suna rufe. Wuta cikin rufaffen wuri tana haifar da iska mai guba, marar launi marar wari, wadda ke kashe mai barci bai farka ba.

Birki, taya da tsatsa

Motar da ta daɗe a ajiye tana iya tashi lafiya amma birkinta ya mutu. Man birki yana shan laima, shi ya sa ake canza shi kowace shekara 2. A duba tiyon birki da takalmansa, a gwada birkin hannu bisa gangare.

Taya kan ruɗi mai ita, domin zanenta na iya zama da kyau alhali robar ta tsufa. Tun shekara ta 2000, lambobi huɗu da ke gefen taya suna faɗin lokacin ƙera ta: misali 2318 na nufin mako na 23 na shekara ta 2018. Tayar da ta kai shekara 10 ba ta doguwar tafiya ba ce, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. A riƙe safaya biyu, da jak, da katako mai faɗi da za a ɗora jak bisansa cikin rairayi, da famfon iska. A shiga ƙarƙashin mota a ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, musamman wuraren da ake kafa jak da gindin ƙafafun gaba. Inda tsatsa ta ci, gargadar hanya za ta ƙarasa karya shi.

Lissafin guzuri

Tankin Kombi yana ɗaukar wajen lita 60. Bisa kwalta takan sha lita 11 zuwa 13 ga kowane kilomita 100, wato cikon tanki ɗaya bai kai mota daga Yamai zuwa Maraɗi, balle Damagaram da ke wajen kilomita 900. Cikin rairayi shan ya fi haka nesa. Matafiyi ya san inda zai sami esansi tun kafin ya tashi, ya ƙara jarka a kan lissafinsa.

Ruwa ya fi esansi muhimmanci. Cikin zafi mutum guda yana bukatar lita 5 ko fiye na sha kowace rana. Mutum 4 da za su yi kwana 3 a hanya, in aka ƙara musu kwana 3 na ko-ta-kwana, suna bukatar lita 120, wato jarka 6 masu lita 20. Wannan kuwa nauyin kilo 120 ne. Nan ne mai hankali yake rage kayan ƙawa. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa tsakanin tayoyi. In aka jibga su bisa rufi, mota mai tsawo irin wannan tana saurin kifewa a kwana.

Takardu da gwaji

Takardar mallakar mota, da ta inshora, da lasin tuƙi su kasance ba su ƙare ba. Mai ƙetara iyaka ya ƙara da fasfo, da katin allurar shawara, ya tambayi ma'aikatan duwan takardar da ake bukata don shigar da mota. Bayan an gama gyara, a loda kayan duka, a yi tafiyar gwaji ta kilomita 200 ko 300, a kwana cikin motar. Duk abin da zai saki, gara ya saki kusa da gida.

Hamada ba ta yafiya

Ayarin masu yawon buɗe ido ya ragu ƙwarai tun shekarun 1990, sakamakon tashin hankali a Aljeriya da arewacin Nijar, sannan a 2003 aka sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya. Amma ƙa'idojin hanyar ba su canza ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta halaka su.

Saboda haka, wanda zai bi hanyar da babu gari kusa ya nemi shawarar hukuma game da tsaro, ya sanar da jandarma da iyalinsa hanyar da zai bi da ranar da zai isa. Kada mota ta tafi ita kaɗai. In ta lalace, a zauna kusa da ita cikin inuwa, domin masu nema sun fi saurin hango mota bisa ga mai tafiya a ƙasa. A yi tuƙi da sanyin safiya da marece, a huta da tsakar rana, inji ma ya huta. Tsohuwar Kombi mai kaya ta fi jin daɗin gudun kilomita 80 a awa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.