Shirin Musamman: Neman Jakar Ɗan Jirgi Marar Matuƙi, Daga New Bell Zuwa Grand Hangar

 Yau shirin namu yana Douala, bakin ruwa, kuma abin da muka ɗauko ƙarami ne a ido. Jaka ce. Jakar da za a sa ɗan jirgin nan marar matuƙi, mai ɗaukar hoto daga sama, wanda kuke jin ƙuginsa bisa kawunanku a wajen ɗaurin aure ko walima.

Samarinmu da suka kama wannan sana'a suna tara kuɗi wata da watanni kafin su mallaki jirgi ɗaya. Ranar da ya zo hannu, sai ka ga yaro ya jefa shi cikin jakar goyo, tare da caja da makullai da gorar ruwa, ya ɗare bensikin, wato babur ɗin haya na Douala, ya kama hanya. Wallahi abin yana taɓa mini zuciya, don na san gumin da ke cikin kuɗin nan.

To, bari mu fara da shi kansa jirgin. Waɗanda suka fi yawa a hannun masu hoton biki su ne ƙananan nan na kamfanin DJI da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. A 2019 kamfanin ya fito da Mavic Mini, nauyinsa giram 249. Ku riƙe wannan lamba, giram 249. Ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Tun 2015 Amurka ta ce jirgin da ya haura giram 250 sai an yi masa rajista, wasu ƙasashe suka bi sahu, sai maƙeran suka tsaya giram ɗaya ƙasa da iyakar. Don a kai ga wannan nauyi, duk abin da za a iya sirantawa an siranta shi. Robar jikin ba kauri, ƙafafun naɗewa suke yi, farfelar kuwa da yatsa biyu za ka lanƙwasa ta. In ka naɗe shi, tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, tafin hannu ya ishe shi.

Amma inda ransa yake shi ne wuyan kyamara. Kyamarar ba a kafe take ba, a rataye take a kan wasu ƙananan injina uku da ke juya ta, ga 'yan robobi masu shanye girgiza, ga wata siririyar waya da ke kai hoto ciki. Wannan wuya shi ke sa hoton ya tsaya cak ko da iska tana kaɗa jirgin. Kuma shi ne farkon abin da ke lalacewa. Ba sai jirgi ya faɗo daga sama ba. A cikin jaka ma yana lalacewa, idan batir yana dukansa a kowane rami da babur ya faɗa.

Ramukan kuwa akwai su. Ka ɗauka an kira ka aiki daga unguwar New Bell zuwa kasuwar Grand Hangar da ke Bonaberi. Za ka ratsa Akwa, ka kai shataletalen Deido inda dogon mutum-mutumin nan na tarkacen ƙarafa yake tsaye tun 1996, aikin Joseph-Francis Sumégné, ka hau gadar Wouri, ka sauka Bonaberi, ka kutsa cunkoson manyan motoci har bakin kasuwa. A wannan tafiya mai babur zai taka birki ba adadi, wani zai goge ka da kafaɗa, wani da kwandon kaya. Duk wannan a bayanka yake sauka, kuma a bayanka jirgin yake.

Ga waɗanda ba su san New Bell ba, a gurguje: Jamusawa ne suka yanka unguwar gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duala na bakin kogi suka ce su koma baya. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya baƙi ne suka cika wurin, Bamileke da Basa da sauransu, da Hausawa da suka gangaro ta Adamawa da fatauci. Zuriyarsu na nan, ga masallatansu, ga shagunansu, kuma 'ya'yansu ne waɗannan masu tashin jirgin.

Sai babban abokin gaba, wanda ya fi rami. Ruwa. Mutanen Kano da Maradi, ku saurara da kyau. Ruwan da ke sauka a Douala a shekara yana haura milimita 3,500, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Yuli da Agusta sai a wuni ana yi, a kwana ana yi. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar kanta a jiƙe take. Ka ajiye takalmin fata a ƙarƙashin gado, ka dawo ka tarar ya yi fumfuna. Irin wannan fumfuna tana kama gilashin kyamara daga ciki, ta yi zare-zare, kuma in ta daɗe tana cin fuskar gilashin, gogewa ba ta fitar da ita. Damshin kuma yana sa bakin batir da 'yan ƙarafan ciki su yi tsatsa, ga iskar teku mai gishiri tana taimaka masa.

Da jin haka, kowa zai ce a sayi akwatin nan mai tauri, baƙi, mai maɗauri biyu da roba a bakin murfi, wanda ruwa ba ya shiga. Wannan akwati yana da labari mai daɗi, ku bar ni in ɗan tsaya a kansa. A 1976, a garin Torrance na jihar Kalifoniya, wani mai ninƙaya a ƙarƙashin teku, Dave Parker, ya buɗe ɗan kamfani a garejin gidansa, ya sa masa suna Pelican. Cikin abin da ya ƙera har da ɗan akwatin kayan agajin gaggawa don 'yan'uwansa masu nutso. Yadda kamfanin ke ba da tarihinsa, sai aka lura masu saye suna juye bandejin da magungunan, suna zuba abubuwansu masu daraja a ciki. Ashe akwatin suke so, ba abin da ke cikinsa ba. Mutumin ya gane, ya fara ƙera akwatin shi kaɗai, ba kaya a ciki. Yau sojoji da 'yan jarida da masu shirya fim da irinsa suke yawo a duniya, kuma wasu kamfanoni ma suna kwaikwayonsa. Har da wani ɗan maɓalli a jikinsa da ke daidaita iskar ciki da ta waje, don kada murfi ya ƙi buɗewa bayan an sauka daga jirgin sama.

Akwati ne na kirki, ban musa ba. Amma ina da ja a kansa, kuma ja uku ne. Nauyinsa sau da yawa yana kai kilo ɗaya ko fiye, wato ninki huɗu na jirgin da ke ciki. Ka ɗauke shi yau, ka ɗauke shi gobe, jibi kana sauri sai ka ce bari in bar shi gida, in sa jirgin a jakar goyo, sau ɗaya ne. A wannan sau ɗayan ake yin asara. Sannan akwati irin wannan a kan babur yana kiran ido, kowa ya gani ya san akwai dukiya a ciki. Na ukun shi ne wanda masu sayarwa ba sa faɗa: akwatin da ruwa ba ya shiga, ruwa ba ya fita. Ka tashi jirgi cikin yayyafi, ka naɗe shi da ɗan danshinsa, ka rufe ƙam, ka ajiye a ɗaki mai zafi. Ka haɗa wa fumfuna duk abin da take nema.

Kuma don Allah kada rubutun jikin kaya ya ruɗe ku. Kowa na iya buga wa jaka tambarin cewa ba ta shan ruwa. Alamar da ke da ma'auni ita ce irin IP67: shidan na nufin ƙura ba ta shiga, bakwan na nufin ya jure nutso a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Ita ma ana buga ta a kan jabu. Saboda haka ka sa farar takarda a ciki, ka rufe, ka nemi buta a wajen mai shago, ka kwarara ruwa a kan zif ɗin da bakin murfin. Ka buɗe a gabansa. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka ba.

Ni abin da ya fi ba ni haske a wannan magana, huhun goro ne. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Gwanja zuwa Kano suna shafe watanni a hanya da jakuna, ɗauke da kayan da ba ya son rana, ba ya son bugu, ba ya son a manta da shi. Ba su yi masa akwatin ƙarfe ba. Ganye suka shimfiɗa, suka jera goro, suka rufe da ganye, suka ɗaure tamau da igiya yadda ko ɗaya ba zai motsa ya goge ɗan'uwansa ba. Huhun ba shi da nauyin kansa, nauyin na goro ne. Kuma ba a ɗaure shi a manta. In an sauka zango ana kwancewa, a duba, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake ganye in ya bushe, a ɗaure. Har gobe dattawan da ke sayar da goro a New Bell haka suke yi, ku je ku tsaya ku kalli hannunsu. Shi goro danshi ake tsare masa, jirgi kuwa danshi ake kore masa, bambancin ke nan. Sauran duk ɗaya ne: kaya ya zauna daram, marufi ya zama marar nauyi, kuma a riƙa buɗewa ana dubawa.

To, me za ka nema in ka shiga kasuwa? Jaka mai ɗan tauri, wadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa ta dawo. Yawanci da robar EVA ake yin ta, irin robar silifas, an lulluɓe ta da yadi. Ba ta da nauyi, kuma tana shiga cikin jakar goyo ta yau da kullum, ba wanda ya san me ka ɗauko. Ka tafi da jirginka, kada ka saya da ka, domin jakar samfurin Mini 2 ba lallai ta karɓi samfurin Mini 3 ba. Ka sa jirgin da murfin kyamararsa a kai, ka sa rimot, ka sa batir, kowanne a raminsa. Ka rufe. Sannan ka kai ta kunne ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, ajiye ta. In shiru, ka buɗe ka duba ko murfin yana danne farfela ko 'yan sandunan rimot. Na sake faɗa: ka girgiza a kunne. Jakar da kaya ke motsi a cikinta ba ta tsare komai.

In ba ka samu daidai ba, kada ka karaya, a nan ne ma nake so mu waiwayi namu. Masu sayar da kayan ɗinkin takalma suna da fallayen wannan roba. Ka saya, ka ɗora jirgin a kai, ka zana siffarsa da biro, ka yanke da reza, ka jera falle bisa falle har ramin ya yi zurfin da ake so. Kada ka yi amfani da soson katifa, shi yana shan ruwa ya riƙe, ita kuwa robar silifas ba ta sha. Ka guji gam ɗin nan mai kamawa nan take, tururinsa yana barin fari-fari a kan gilashi, kuma kowane gam ka sa, ka bar shi ya sha iska sosai kafin jirgi ya shiga. Sai ka kai wa baduku ko tela ya yi masa riga. Hannun da ya iya auna littafi ya ɗinka masa gafaka ba zai kasa wannan ba. Sai dai ka roƙe shi, baba, a wannan karon ban da fata. Fata a Douala fumfuna take ja. Tampol mai laushi ko yadin lema ya fi, a yi wa zif ɗin leɓe da zai rufe shi daga sama.

Sannan 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi farare da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, kada ku ƙara zubarwa. Danshi suke sha. Ka tara su, ka sa biyu ko uku a jakar. In sun ƙoshi ba sa ƙara sha, sai a ɗumama ƙwayoyin a wuta marar ƙarfi su bushe, ko a canza. Masu cewa a zuba shinkafa, ni ban yarda da su ba, garinta yana shiga injinan farfela. In ka dawo gida, ka fito da jirgin, ka goge shi da busasshen ƙyalle, ka bar jakar a buɗe ta sha iska. Kuma in ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, ka ɗan jira kafin ka buɗe, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa nan take.

Ana ɗaga mini hannu daga ɗakin injiniya, lokaci ya kusa, bari in haɗa sauran da sauri. Batir: kada a bar shi a motar da ke rana, kada bakinsa ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi, kuma in zai daɗe a ajiye a bar cajinsa wajen rabi. Wanda ya kumbura an gama da shi, kada ya koma jaka. In za ka hau jirgin sama zuwa Garwa ko Marwa, batir a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan da ake aunawa ba. Sai doka: filin jirgin saman Douala ba shi da nisa da New Bell, kuma tashin jirgi kusa da shi haɗari ne ga rayukan mutane. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Kamaru, CCAA, ita ke da hurumin ba da izini, ku je ku tambaya kafin ku karɓi aiki, kada ku dogara da ƙanƙantar jirgin.