Ciwon Hanta a Ƙasar Ka'oje: Abin da Bincike Ya Gano

A ƙasar Ka'oje, har zuwa Tsamiya da Segbana ta ƙasar Benin, idan magidanci ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, abin da aka fi cewa shi ne shawara ce ta yi masa yawa, ko kuma sammu aka yi masa. Sai a shiga jiƙe-jiƙen sassaƙe da saiwoyi. Kafin a kai shi Birnin Kebbi ko Sakkwato, sau da yawa hantar ta riga ta ƙanƙance, ko daji ya kama ta. Likitocin ciki da hanta sun kwashe shekara sittin suna bin diddigin wannan ciwo, kuma tushensa yana nan cikin gidajenmu da rumbunanmu.

A 1965 wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamar ƙwayar cutar hanta nau'in B a cikin jini. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa shekarun mutum lokacin da ya kamu su ne ke yanke hukunci. Baligi idan ya kamu, yawanci jikinsa na korar ta. Ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa a jikinsu. Jariri kuwa, tara cikin goma za su rayu da ita, ba zazzaɓi ba ciwon kai, tana cin hanta a ɓoye shekara ashirin ko talatin. Wanda ake kukan rasuwarsa yana ɗan arba'in, ta yiwu tun yana cikin zanen goyo ya ɗauko ta. Gambiya ta fara babban gwajin rigakafin jarirai a 1986, Najeriya ta sa allurar cikin jerin na yara a 2004. Amma binciken ƙasa na 2018 ya samu kimanin 8 cikin 100 na manyanmu suna ɗauke da cutar.

Ga inda gizo ke saƙa. Allurar farko ana so jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma a mako 6 da 10 da 14. Mu kuwa haihuwa a ɗaki ake yi, hannun ungozoma. Mai jego tana wanka, ba ta leƙa waje sai an yi suna. Kafin nan wanzami ya zo ya cire beli, ranar suna ya yi aski, wata ƙila da askar da ya yi wa wani tsaga da safe. A ruga mai nisa da asibiti abin ya fi tsanani. A ganina wannan nauyi ba na mai jego ba ne. Uban da zai iya hawa babur ya je neman ragon suna, zai iya kai jaririnsa wurin allura ranar da aka haife shi.

Abu na biyu a rumbu yake. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil. Nan aka gano gubar afulatoksin, wadda hunhuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Duba abin da ake yi bayan ɓarar gyaɗa: masu kyau a kai kasuwa, ƙanƙanannun nan masu baƙi-baƙi da ɗaci a bar su a gida a yi ƙuli-ƙuli ko miya. Suya ba ta kashe gubar, dafuwa ma haka. Idan saniya ta ci dusa mai hunhuna, gubar na fitowa a nono. Mai cutar hanta B da ke cin irin wannan abinci, haɗarin dajin hanta gare shi kan ninka kusan sau talatin. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona, amma ko babu shi, shanya a kan tabarma ko tampol maimakon ƙasa mai danshi, da zubar da ruɓaɓɓu, yana rage ɓarna sosai.

Ban da ciwon hanta, gyambon ciki ma an sake masa fassara. Da ana ɗora laifin kan yaji da yunwa, sai a 1982 Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna ƙwayar cuta ce ke jawo yawancinsa, kuma magani na kimanin mako biyu na iya kawar da ita. Sai dai manomi da ke haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki kullum bayan ya dawo gona, shi da kansa yake ƙwaƙule cikinsa.

Cutar hanta B ba ta yaɗuwa ta cin tuwo a kwano ɗaya ko musafaha, saboda haka a daina ƙyamar masu ita. Akwai kuma cutar hanta nau'in C, wadda ake warkewa daga ita da magani cikin mako 12; nau'in B kuma akwai maganin tenofovir da ke danne ta. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, cikin mintuna a ba ka sakamako. Jama'a, a je a gwada, musamman mata masu juna biyu, kuma kowa ya riƙa zuwa wa wanzami da sabuwar rezarsa.