Gift Ngoepe: jiran kusan shekara tara, wasa 41 a babbar gasar Amurka

A Maradi ko Gidan Runji, in aka ce wasa, hankali kan tafi ga kokawa da ƙwallon ƙafa. Besbol kuwa, abin da muka fi sani game da shi hular nan ce mai tambarin NY, wadda samari da yawa ke sawa ba tare da sun san ta ƙungiyar New York Yankees ce ba. Amma a wannan wasa akwai labarin wani ɗan Afirka da ya kamata duk mai burin fita waje ta hanyar wasanni ya ji.

An haifi Gift Ngoepe ranar 18 ga Janairun 1990 a Afirka ta Kudu. Mahaifiyarsa tana aikin shara da goge-goge a ginin ƙungiyar besbol ta Randburg Mets da ke Johannesburg, kuma a wani ɗan ƙaramin ɗaki cikin ginin suke kwana. Filin wasan shi ne tsakar gidansu. A 2008 ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta gan shi a wani sansanin horo a Italiya, ta ɗauke shi, ya zama baƙar fata na farko daga ƙasarsa da ya sa hannu a irin wannan kwantiragi.

Aikinsa tsaron cikin fili ne. Filin besbol yana da kusurwa huɗu. Mai bugu ya doki ƙwallo da sanda ya ruga zuwa kusurwar farko, masu tsaron ciki kuma su tare ƙwallon su jefa ta can kafin ya isa. Abu ne na daƙiƙa huɗu ko biyar. A nan Ngoepe ya yi fice: hannu mai sauri, ƙafa mai sauƙi, jifa ba kuskure. Matsalarsa bugu ce, kuma a Amurka komai iya tsaron ɗan wasa, in sandarsa ba ta ci, zamansa ba ya tsawo.

Shi ya sa ya shafe kusan shekara tara a ƙananan gasanni, inda a wancan zamani ake doguwar tafiya a bas, albashi kaɗan, shi ma a lokacin kakar wasa kawai. Wannan ɓangaren ne masu ba da labarin cin nasara a ƙetare suka fi tsallakewa. Mahaifiyarsa ta rasu a 2013, ba ta ga ranar da ake jira ba.

Ranar ta zo 26 ga Afrilun 2017, yana da shekara 27. Ya shigo wa Pirates a wasansu da Chicago Cubs, masu riƙe da kambi a lokacin, kuma a zuwansa na farko bugu ya doki ƙwallon da shahararren mai jifa Jon Lester ya jefo, ya isa kusurwar farko lafiya. Shi ne ɗan wasa na farko haifaffen Afirka da ya taka babbar gasar MLB. A gida dare ya riga ya raba, an shiga 27 ga Afrilu, Ranar 'Yanci ta Afirka ta Kudu.

Murnar ba ta daɗe ba. Wasa 28 ya yi aka mayar da shi ƙasa, sannan aka miƙa shi ga Toronto Blue Jays ta Kanada, inda ya yi wasa 13 a 2018. Jimilla wasa 41, bugu 13 da suka ci cikin 72. Wanda ya dubi alƙaluman kaɗai zai ce bai taɓuka komai ba, sai dai yawancin matasan da ke sa hannu a ƙananan gasannin ko wasa ɗaya ba sa samu a sama.

Bayan Toronto ya yi wasa a Ostireliya da birnin Kebek na Kanada, daga bisani ya koma horar da matasa a ƙananan ƙungiyoyin Arizona Diamondbacks. Ƙanensa Victor, shi ma mai tsaron ciki, Pirates ɗin ta ɗauke shi, amma bai kai babbar gasar ba.