Gidajen Zamani A Bakin Tiga: Kafin Uwargida Ta Ce Ta Yarda

Yau zancenmu a kan gona ne, musamman gare ku matan Kwanar Ɗangora, Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da Allah ya haɗa ku maƙwabtaka da ruwan Tiga.

Bakin ruwa wuri ne da masu kuɗi ke kwaɗayi. Duk ranar da wani kamfani ya zo neman gonakin bakin tafki don ya gina rukunin gidajen zamani, irin jerin nan masu haɗa bango, maza ne za su hallara a ƙofar gidan dagaci, ke kuwa kina cikin gida. To amma wata gonar taki ce, gadon mahaifinki. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce. Miji ko wa ko ƙane ba shi da ikon sayar da ita sai da yardarki. Shi ya sa ya kamata ki san yadda ake auna irin wannan magana.

Mu fara da abin da iyayenmu suka gani. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure, shinkafa da alkama da tumatir. Wannan alheri ne babba. Sai dai kuma akwai ƙauyukan da aka tasa, gonakinsu suka koma ƙarƙashin ruwa har yau. Ga kuma otal ɗin Bagauda da aka gina a bakin tafki don baƙi masu shaƙatawa. Yanzu ba otal ba ne, ya koma Makarantar Koyon Aikin Lauya. Kin ga ke nan gini yakan sauya hannu ya sauya manufa, amma gonar da ta tafi ba ta dawowa.

Amfanin sababbin gidaje ba a ɓoye yake ba. Samari za su samu aikin birkila da kafinta, a yi hanya, a jawo wuta. Ke ma da kike sana'a a cikin gida, ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, masu saye za su ƙaru.

Amma uwargida, ki dubi ɗaya gefen. Kuɗin fili sau ɗaya ake karɓarsu, gona kuwa kowace shekara tana cika rumbu. Idan aka zagaye bakin ruwa da katanga, ta ina masunta za su bi, ta ina dabbobi za su sha? Ruwan makwararai da na masai na gidajen nan ina zai gangara, in ba cikin tafkin da muke cin kifinsa ba? Sannan ruwa ba a yi masa shaida: a watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje.

To me za ki yi daga cikin ɗakinki? Ki roƙi maigida ko wanki ya samo miki amsar tambayoyi uku.

Na farko, wa ke neman filin, gwamnati ko ɗan kasuwa? A Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Ɗan kasuwa kuwa ciniki ne, kina da damar ki ce albarka.

Na biyu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da Tiga, ta amince a yi gini a wurin?

Na uku, an yi binciken illar aikin ga muhalli, kamar yadda dokar 1992 ta tanada ga manyan ayyuka? In an yi, a karanta muku sakamakon da Hausa.

Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. In kin yarda, a rubuta sunanki da rabonki a gaban shaidu, kuɗin kuma su shigo hannunki. In ba ki yarda ba, ki faɗa cikin ladabi, haƙƙinki ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Uwargida, a huta lafiya.